Murya ko shiru: kamfanin wasan bidiyo da ya ba jaruminsa baki, daga baya ya karɓe

A garin Rockville da ke jihar Maryland ta Amurka akwai wani kamfanin haɗa wasannin bidiyo mai suna Bethesda, wanda ya yi fice a kan irin wasannin da ake kira RPG. A irin wannan wasa, mai wasa ne ke ƙera mutumin da zai zama: ya zaɓa masa fuska da suna da ƙwarewa, ya shiga da shi cikin duniyar wasan, ya yi hulɗa da mutanenta, ya yanke wanda zai taimaka da wanda zai juya wa baya. Wannan nazari ya bi matsala ɗaya da kamfanin ya yi fama da ita fiye da shekara goma. Shin mutumin nan da mai wasa ya ƙera zai buɗe baki a ji muryarsa, ko kuwa mai wasa zai karanta jimla a allo, ya danna ta, ya ji ta a zuciyarsa kawai?

## Asalin tsarin, 2002 zuwa 2011

Tun farko jarumin wasannin kamfanin ba ya magana. A Morrowind na 2002 yawancin hirar ma a rubuce take ta kowane ɓangare: mai wasa ya danna wata kalma, wanda ke gabansa ya amsa da dogon rubutu. Da Oblivion ya fito a 2006 an ɗora wa duk mutanen garuruwan murya, amma jarumi ya ci gaba da shirunsa. Da zarar hira ta fara, sai duniyar wasan ta tsaya cak, kyamara ta matso kan fuskar mai magana, jerin batutuwa ya bayyana.

A 2007 kamfanin ya sayi mallakar jerin wasannin Fallout, masu labarin rayuwa bayan yaƙin nukiliya, daga hannun kamfanin Interplay a kan dala miliyan 5.75, ya kuma fitar da Fallout 3 a watan Oktoban 2008. A nan ne tsarin ya kankama. Mai wasa yana ganin cikakkun jimlolin da zai iya faɗa, wani lokaci biyu, wani lokaci biyar ko shida, ya karanta su duka kafin ya zaɓa. Wasu jimlolin ba sa fitowa sai ga wanda ya ƙware a likitanci ko kimiyya, ko mai kaifin basira, ko mai ƙarfin jiki. Ƙara irin wannan jimla ba ta cin komai ta ɓangaren jarumi illa rubutu. Muryar mai amsawa kaɗai za a ɗauka.

A wannan wasan ne kuma raunin tsarin ya fito fili. Labarin na ɗa ne, ko 'ya, da ya baro maɓoyar ƙarƙashin ƙasa inda ya tashi, ya fita neman mahaifinsa a kufan birnin Washinton. Liam Neeson ne ya yi muryar mahaifin. A tsakiyar labarin, a cikin ginin tunawa da Jefferson, uban ya sadaukar da ransa a bayan gilashi, ɗansa na tsaye yana kallo. Uba ya ce masa ya gudu, sannan ya faɗi. Ɗan bai ce uffan ba, domin ba shi da muryar da zai faɗa da ita. Wasu masu wasa sun cike wannan gurbi da abin da ke ransu. Wasu kuwa sun ga an rubuta wurin kuka amma an kafa gunki a tsakiya.

A 2010 kamfanin Obsidian ya haɗa Fallout: New Vegas da izinin mai mallakar, da jarumi marar murya da zaɓuɓɓukan hira masu yawa da suka rataya a kan ƙwarewa. Wannan wasa ne daga baya ya zama ma'aunin da ake auna kamfanin da shi. Skyrim ya biyo baya ranar 11 ga Nuwamban 2011, da layin magana wajen 60,000 da jinsunan halitta goma da mai wasa zai zaɓa daga ciki. Jarumin ba ya furta komai sai ihun sihiri da harshen dodanni. Alkawarin kamfanin ga masu sayen wasanninsa bai sauya ba: zama duk wanda kake so, tafi duk inda kake so.

## Abin da maƙwabta ke yi da shawarar sauyi, zuwa Yunin 2015

A daidai waɗannan shekaru sauran manyan kamfanoni sun ɗauki wata hanyar. A 2007 BioWare na ƙasar Kanada ya fitar da Mass Effect, inda Kwamanda Shepard ke magana da muryar Mark Meer ko ta Jennifer Hale. Maimakon cikakkiyar jimla, mai wasa yana ganin 'yan kalmomi a jikin wani zobe, ya zaɓi ɗaya, Shepard ya faɗi doguwar maganar. Hira ta koma kamar fim, kyamara na kai kawo tsakanin fuskoki biyu. Mutane sun so abin ƙwarai.

Farashin wannan hanya ma ya bayyana a gidan BioWare ɗin. Dragon Age: Origins na 2009 yana da jarumi marar murya, jinsuna uku da asali shida da za a fara labari da su. Dragon Age II na 2011 ya ba jarumi murya, sai zaɓin ya dawo mutum ɗaya tak mai suna Hawke, namiji ko mace. A watan Mayun 2015 kuma The Witcher 3 ya fito daga Poland da jarumi mai murya, Geralt, ya kuma ɗaga matsayin da ake tsammani daga labarin wasa.

Kamfanin Rockville ya riga ya yanke shawara kafin nan. Tun 2013 aka fara ɗaukar muryar jarumin Fallout 4 a asirce, aka kuma nuna wa duniya yadda wasan yake ranar 14 ga Yunin 2015 a taron baje kolin wasannin bidiyo na E3 a Los Angeles. Hujjar da aka bayar ita ce labarin yana da wuraren motsa zuciya da ba za su tsaya da ƙafarsu ba in jarumi bebe ne.

Ga ma'aunin aikin. Wasan yana da layin magana 111,000, fiye da na Fallout 3 da Skyrim a haɗe. Brian T. Delaney ya yi muryar namiji, Courtenay Taylor ta yi ta mace, kowannensu ya ɗauki layi sama da 13,000 cikin kimanin shekara biyu. Aikin mutum biyun nan kaɗai layi 26,000 ne. An kuma ɗora wa wasan murya da Faransanci, Jamusanci, Italiyanci, Sifaniyanci da Japananci, kowane harshe da nasa masu muryar jarumi biyu. Don kada sunan da mai wasa ya zaɓa ya tashi a banza, an sa mai muryar Codsworth, mutum-mutumin gidan jarumi, ya karanta sunaye kusan dubu.

Tare da muryar aka shigo da wasu sauye-sauye. Zaɓin hira ya koma huɗu daidai, ɗaya a kan kowane maɓallin gaban hannun wasa. Kuma an daina nuna cikakkiyar jimla, sai kalma ɗaya zuwa uku da ke nuna alƙiblar maganar. An kuma daina tsayar da duniya yayin hira: mai wasa na iya juya baya ya tafi ana tsakiyar yi masa magana, ko a kawo hari hirar ta katse.

## Fitowar wasan, Nuwamban 2015

Fallout 4 ya fito ranar 10 ga Nuwamban 2015. Ta fuskar kasuwa babu abin cewa: kwafi miliyan 12 aka tura kasuwa a tashin farko, darajarsu ta kai dala miliyan 750. A shekarar da ta biyo baya ya ci kyautar gwarzon wasa ta BAFTA, cibiyar fina-finai da talabijin ta Birtaniya. An yaba da harbin da ya gyaru, da gina matsugunai, da zanen birnin Boston da yaƙin nukiliya ya rusa.

Muryar ma ta yi aikinta a wasu wurare. Labarin ya fara ne da safiyar 23 ga Oktoban 2077, miji da mata da jaririnsu Shaun a gida, kafin bama-bamai su sauka su gudu cikin maɓoya ta 111 inda aka daskarar da su. Mai wasa yana gani ta gilashi aka harbe abokin aurensa aka ɗauke jaririn. Wannan kusan maimaicin wurin mutuwar uba ne na 2008, sai dai a wannan karon da jarumi ya isa ga gawar an ji muryarsa tana rawa. Haka ranar da ya tsare Kellogg, wanda ya yi kisan, a sansanin Hagen: fushin da ke cikin muryar ba abu ne da rubutu a allo zai bayar ba. Akwai kuma wani aike da jarumi ke shiga rigar gwarzon wani wasan kwaikwayon rediyo na da, Silver Shroud, yana magana da kurari da kauri irin na gwarzon. Har waɗanda suka ƙi tsarin sukan ware wannan aiken su ce ya yi daɗi, kuma ba zai yiwu ba sai da murya.

Ƙorafin ya fara ne daga taƙaitattun kalmomin. Mai wasa ya ga zaɓi mai nuna gatse, bai san ko zolaya mai taushi ce za ta fito ba ko baƙar magana ga mutumin da ya zo yana kukan an sace masa 'ya. A ƙofar birnin Diamond City, inda 'yar jarida Piper ke jayayya da magajin gari, an ba mai wasa zaɓi tsakanin goyon bayan jarida da ƙin jarida a kalma biyu, ba tare da ya san dalilin da jaruminsa zai kawo ba. A tsohon tsari mutum ya san abin da zai faɗa kafin ya faɗa. A sabon, yana jin maganarsa ne a lokaci guda da wanda yake faɗa wa. Da yawa sun koma ajiye wasa kafin kowace muhimmiyar hira, don in bakin jarumin ya kauce su dawo baya.

Sai batun huɗun. Da manhajar da kamfanin ke gina wasan da ita ta fito ga jama'a, an ga cewa tsarin yana da gurabe huɗu tsayayyu a kowace gaɓar hira: amsa mai kyau, amsa marar kyau, tsaka-tsaki, da tambaya. Inda hira ke buƙatar e ko a'a kawai, sai marubuci ya cike sauran biyun. Inda take buƙatar hanya shida, sai ya yanke biyu. Daga nan ne masu wasa suka fara cewa zaɓuɓɓukan Fallout 4 su ne e, e da gatse, tambaya sannan e, da kuma a'a wadda ke nufin e zuwa anjima. Akwai zuguguwa a maganar, amma duk wanda ya gwada ƙin tayin da Preston Garvey, wani mutumin cikin wasan, ke yi wa jarumi na jagorantar 'yan sa-kai masu kare matsugunai ya san tayin na nan yana jiransa, kuma babu wata ƙofa da ƙin ya buɗe.

Jimlolin da suka rataya a kan ƙwarewa sun kusa ɓacewa. An soke tsarin ƙwarewa na maki ɗari-ɗari, lallashi ya koma kan kwarjini kaɗai, da launin rawaya, ruwan lemo ko ja don nuna wahalarsa, kuma sau da yawa abin da ake lallashi a kai ƙarin lada ne. Aiken jirgin ruwan USS Constitution, inda mai kaifin basira ke iya gyara na'urori ba tare da ya je neman kayan gyara ba, ya yi fice ne saboda irinsa ba su da yawa. Likita da ɗan fashi da masanin kimiyya duk bakinsu ɗaya.

Mafi zurfin ƙorafin shi ne na wane ne wannan mutum. Wasan ya riga ya faɗa: namijin tsohon soja ne, macen lauya ce, suna da aure, suna da ɗa, suna son junansu. Muryar kuma ta mutumin kirki ce mai matsakaicin shekaru. Wanda ya ƙera tsoho mai furfura da tabo a fuska, ko mugu marar imani, zai buɗe baki ya ji wannan muryar dai. Duk wanda ya taɓa karanta littafin hikaya da kansa, daga baya ya ji ana karanta shi a rediyo, ya san yadda muryar mai karatu ke ture wadda ya riga ya ba tauraron a ransa. Bambancin a nan shi ne mai wasa ne aka ce ya ƙirƙiro tauraron. Ga kuma saɓani tsakanin muryar da tsarin wasan: jarumi na magana a kan ɗansa da aka sace cikin ɗimuwa, alhali mai wasa ya kwashe makonni na cikin wasan yana shuka tumatir da tara gwangwani a matsugunai. Jarumi marar murya ba ya tona wannan saɓani. Mai murya kuwa kullum yana tunatarwa.

## Gyare-gyare, daga ƙarshen 2015 zuwa 2017

Masu wasa ne suka fara gyara. Rage ƙarar murya a saitin wasa bai yi amfani ba, domin madanni ɗaya ne ga kowa: in jarumi ya yi shiru, duk garin ya yi shiru. Kashe kyamarar hira, wanda wasan ya yarda da shi, ya rage kallon fuskar jarumi amma bai taɓa maganarsa ba.

Ba a rufa mako biyu da fitowar wasan ba, masu gyaran wasa na sa-kai suka fitar da wani ƙari a kwamfuta mai suna Full Dialogue Interface, wanda ke nuna cikakkiyar jimla a jere kamar da. Ya zama ɗaya daga cikin ƙarin da aka fi saukewa. Ya magance matsalar rashin sanin abin da za a faɗa gaba ɗaya. Amma ya kuma buɗe abin da taƙaitawar ta rufe: a wurare da dama, biyu ko uku daga cikin zaɓuɓɓukan huɗun kusan jimla ɗaya ce, kuma amsa ɗaya suke jawowa. Wasu ƙarin sun cire muryar jarumin ɗungurungum. Su ma sun bar gibi, domin an gina hirar ne a kan jarumi zai yi magana, kuma tarihin soja da lauya da ɗan da aka sace na nan daram.

Muryar ta kuma ɗaure hannun masu ƙirƙirar sababbin labarai na sa-kai, waɗanda su ne suka raya Skyrim shekara da shekaru. A Skyrim mai ƙari ya rubuta jimlar jarumi ya wuce. A Fallout 4 ba shi da Delaney ko Taylor a ɗakinsa, sai dai ya tsinto tsofaffin layukansu ya harhaɗa, ko ya bar jarumi na motsa baki babu sauti. Kayan aikin kamfanin sun fito a Afrilun 2016, ƙarin sa-kai ya isa Xbox One ranar 31 ga Mayu, PlayStation 4 kuma a Nuwamba. Sai daga baya wani ƙari mai suna Extended Dialogue Interface ya fasa iyakar huɗun a kwamfuta.

Shi ma kamfanin ya gwada gyara daga ciki. Ranar 19 ga Mayun 2016 ya fitar da ƙarin babi mai suna Far Harbor, a wani tsibiri mai hazo a gaɓar jihar Maine. Murya na nan, huɗu na nan, taƙaitawa na nan. Abin da ya sauya shi ne rubutun. Ƙungiyoyi uku ne a tsibirin: masunta, masu bautar tururin nukiliya, da mutum-mutumi masu kamar ɗan Adam da suka gudo suka ɓuya ƙarƙashin jagorancin DiMA. Mai wasa na iya sasanta su, ko ya hallaka ɗaya, ko biyu, ko ya rufe wani asirin kisa don zaman lafiya ya ɗore a kan ƙarya. Taimakon da ya yi wa mutanen gari tun farko yana tasiri a kan ko za su saurare shi ranar da suka fusata. Akwai ma inda DiMA ya tambayi jarumi abin da ya fi daɗewa da yake iya tunawa, tambayar da ke sa mai wasa shakkar ko shi ma ƙerarre ne. Da yawa daga masu sukar asalin wasan sun ɗauki Far Harbor a matsayin mafi kyawun abin da ke cikinsa.

Nuka-World, a ƙarshen Agustan 2016, ya gwada ɗaya gefen: ya ba mai wasa damar zama shugaban 'yan fashi, ya kai hari kan matsugunan da shi ya gina. Damar mugunta ce da aka daɗe ana nema, amma ta zo a ƙarshe, kuma daga bakin uban nan mai neman ɗansa take fitowa.

A watan Yunin 2016, a wata hira a taron E3, daraktan wasan, Todd Howard, ya amsa cewa yadda suka tsara hira bai yi nasara kamar sauran sassan wasan ba, duk da ya san dalilin da ya sa suka gwada.

## Cire mutane, da dawo da su, 2018 zuwa 2020

Wasa na gaba, Fallout 76, ya fito ranar 14 ga Nuwamban 2018, kuma na haɗakar mutane ne ta intanet, a tsaunukan jihar West Virginia. An cire muryar jarumi, aka haɗa da duk wani ɗan Adam da ba mai wasa ba ne. Labari ya koma faifan murya da matattu suka bari, rubutu a kwamfuta, da mutum-mutumi masu ba da aike. Babu zaɓin hira kwata-kwata. Wasan ya sha suka a kan kurakuran na'ura da wasu abubuwa da dama, amma fayau ɗin duniyarsa na cikin manyan ƙorafe-ƙorafe. An gudu ba a tsira ba.

Ranar 14 ga Afrilun 2020 aka fitar da gyara kyauta mai suna Wastelanders. Mutane suka dawo, ƙungiyar manoma masu gina sabon gari da ƙungiyar 'yan fashi. Tsarin hirar da aka ba su na 2008 ne: jarumi marar murya, cikakkun jimloli a jere, adadinsu gwargwadon buƙata. Jimlolin da suka rataya a kan ƙarfi, basira, kwarjini ko sa'a suka dawo da yawa, har da waɗanda ba sa fitowa sai ga wanda makinsa ya yi ƙasa. A wasan da dubban mutane ke yawo da jarumai daban-daban, murya biyu ba za su ishe su ba dama. Karɓuwar wasan ta ƙaru a fili bayan wannan gyara.

## Gwaji na biyu da janyewa, 2022 zuwa 2024

Duk da haka kamfanin bai fid da rai da murya ba. Emil Pagliarulo, jagoran rubutun Starfield, wasan sararin samaniya da aka sanar tun 2018, ya bayyana daga baya cewa da farko sun ɗauki mai murya, sun saurari aikinsa, suka ga muryar ta wani takamaiman mutum ce, ba za ta dace da duk wanda mai wasa zai ƙera ba. Ƙara yawan muryoyi na nufin ninka aikin. Sai suka haƙura. A watan Yunin 2022 kamfanin ya sanar a taƙaice cewa jarumin Starfield ba shi da murya kuma hira ta idon mai wasa ce.

Wasan ya fito ranar 6 ga Satumban 2023 da layin magana sama da 250,000 da duniyoyi fiye da dubu. Mai wasa na zaɓen tarihinsa daga jeri mai tsawo: mai dafa abinci, jakada, farfesa, mafarauci mai kamo masu laifi. Yana kuma ɗaukar halaye har uku, kamar addininsa, ko garin da ya tashi, ko cewa iyayensa na raye kuma yana aika musu kashi biyu cikin ɗari na kuɗinsa duk mako. Waɗannan duk suna buɗe jimloli nasu a hira. Abokin tafiya na iya karɓar magana a madadin jarumi. Wanda ya gama labarin ya sake farawa yana samun sababbin jimloli na wanda ya riga ya san abin da zai faru, har ya tsallake wasu aike. Duk wannan ya yiwu ne saboda kowace jimlar jarumi rubutu ce kawai.

Ƙorafin 2015 a kan rashin sanin abin da za a faɗa ya mutu. Wasu kuma suka taso. Kyamara ta koma manne wa fuskar mai magana kamar 2006, fuskokin kuma a sandare, har sai da gyaran Mayun 2024 ya ba da damar kashe ta. Jimlolin tarihi da yawa ado ne, amsar ɗaya ce. Misalin da aka fi kawowa shi ne aiken Paradiso: wani jirgi ya iso bayan tafiyar kusan shekara ɗari biyu, ya tarar wani kamfani ya mayar da duniyar da ya nufa wurin shaƙatawa. Mai wasa na iya sayo wa matafiyan inji su ƙara gaba, ko ya sa su zama bayin bashi, ko ya tarwatsa jirgin. Ba zai iya tsaya musu su karɓi ƙasar ba, kuma shugabannin kamfanin wurin shaƙatawar ba sa mutuwa ko an harbe su.

Wata guda kafin fitowar Starfield, ranar 3 ga Agustan 2023, kamfanin Larian na Beljiyam ya fitar da Baldur's Gate 3, shi ma da jarumin da ba ya furta jimlolinsa a hira, amma da kyamara irin ta fim, da mai ba da labari da ke faɗin abin da jarumi ya gani ko ya ji, da zaɓuɓɓukan da ke kashe manyan mutane su rufe babi sukutum. Shi ya lashe kyautar wasan shekara a The Game Awards na Disamban 2023.

## Hukunci

Komawa ga shiru daidai ne ga wannan kamfani, kuma dalilin yana cikin alkawarinsa. Geralt ya yi nasara da murya domin ba na mai wasa ba ne: ya fito daga littattafan wani marubucin Poland da halinsa da abokansa, mai wasa yana zaɓa ne tsakanin abubuwan da Geralt zai iya yi. Shepard ma soja ne mai aiki ɗaya. Kamfanin Rockville kuwa yana sayar da fili ne ya ce shiga ka zama kowa. A 2015 ya tsaya a tsakiya: ya ba jarumin tarihi da murya da suka isa su hana mai wasa ƙirƙirar nasa, amma bai ba shi halin da ya isa a so shi kamar Geralt ba, don yana tsoron taka wannan alkawari.

Sai dai ba adalci ba ne a ɗora wa murya dukkan laifin. Shawara uku aka ƙulla wuri ɗaya a Fallout 4, wato murya da taƙaita jimla da zaɓi huɗu, kuma biyun ƙarshe ba dole ba ne. Deus Ex: Human Revolution na 2011 yana da jarumi mai murya, amma yana nuna wa mai wasa maganar kafin ya danna. The Witcher 3 bai ɗaure kansa da huɗu ba. Abin da murya ke jawowa dole abu biyu ne: tana tsayar da mutum ɗaya, kuma tana sa kowace jimla ta ci kuɗin ɗakin ɗaukar sauti sau biyu a kowane harshe, wanda ke sa jimlar da likita kaɗai zai gani ta zama ta farko da za a yanke. Far Harbor ne hujja mafi ƙarfi a kan masu ganin shiru shi ne magani, domin da muryar da huɗun da komai ya ba da zaɓin da ke da nauyi, saboda an rubuta tsibirin ta yadda zai sauya.

Abin da Wastelanders da Starfield suka dawo da shi na gaske ne, kuma ina ganin ya cancanci abin da aka rasa na wurare irin na Kellogg: mai wasa ya sake sanin maganarsa kafin ta fita, mai dafa abinci ya sake yin magana daban da jakada, masu ƙarin sa-kai sun sake samun hannu. Amma sararin da shirun ya samar, kamfanin ya fi zuba shi a faɗi, duniyoyi dubu da layi dubu ɗari biyu da hamsin. A Paradiso jimlar da za ta ce zan tsaya wa matafiyan nan ba ta buƙatar mai murya ko ɗaya ta ɓangaren jarumi, kuma duk da haka ba a rubuta ta ba, domin rubuta ta na nufin gina abin da zai biyo bayanta: shugabannin da za a iya kawarwa, da wurin shaƙatawar da zai koma garin baƙi.